"Ƙawarta" Na Ce

Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa ƙaramar bas ta 'yan yawon buɗe ido a Hobart. Daga tashar jiragen ruwa nake ɗaukarsu, mu bi ta tsofaffin rumbunan dutse na Salamanca, mu hau unguwar Battery Point. Kamfani ya liƙa tutar bakan gizo a gilashin motar, don haka maza masu auren maza da mata masu auren mata suna yawan zaɓenmu. "Kai da mijinka ku zauna gaba," nakan ce wa baƙo, bakina ko rawa ba ya yi.

A kan 'yata Keeley kaɗai na kasa. Ranar jana'izar mahaifiyarta, shekara huɗu ke nan, ina gabatar da mutane ga dangi. Da na zo kan Marnie, wadda Keeley ta aura a Melbourne, sai na ce, "Wannan ƙawarta ce." Keeley ta ajiye kofin shayinta ta ɗauki jaka. Tun ranar ba ta ƙara ɗaga wayata ba.

Talatar nan da safe Noeline ta ofishinmu ta miƙo mini takardar fasinjoji.

"Duba kujera ta uku da ta huɗu, Des," in ji ta. "Amma zauna tukuna, in ka faɗi bayana ba zai iya ɗaga ƙato kamarka ba."

Sunayensu ne, su biyu, Keeley da Marnie. Na je na sayo burodi mai cikin kifi da kori, irin wanda Keeley take so tun tana firamare. Ina goge gilashi ina maimaita kalmar a hankali. Matarta. Matarta.

Ƙarfe goma Marnie ta iso ita kaɗai.

"Ka tsufa, Des."

"Ke ma ba ki ƙara tsawo ba. Ina take?"

"Tana otal. Har takalmi ta sa, sai ta zauna a bakin gado ta ce ba za ta iya ba. Ni na sa sunanmu, ba ita ba."

Al'adata ce kafin mu tashi in ɗauki makirfo in tambayi kowa daga ina yake. Akwai wasu dattawa biyu daga Adelaide riƙe da hannun juna, da wasu mata daga Kanada. Sai na zo kan kujera ta uku.

"Wannan Marnie ce," na ce. "Matar 'yata. Surukata."

Dattawan suka ɗan tafa, ba su san komai ba. Marnie ta juya tana kallon kujerar da ke kusa da ita.

Muka zaga garin kamar kullum. Na nuna musu gidajen masunta da cocin da ke kan tudu, amma ban san me bakina ya faɗa ba.

Da muka dawo tasha na miƙa mata burodin, ya riga ya huce.

"Za ki gaya mata?"

"Zan gaya mata. Amma a gaban baƙi ka faɗa, Des. Ita a gaban 'yan uwanka take so."

Jirginsu na komawa gida na ƙarfe huɗu ne. Na ajiye wayata a saman sitiyari ko Keeley za ta kira, na ɗauki rukunin rana. Huɗu ta wuce ina kan tudu, ina ce wa wata baƙuwa ita da matarta su matso kusa in ɗauke su hoto.