Wayar da Ta Ƙone

Yaya ce ta koya wa Auta aiki a ɗakin gwaji na kamfanin gas, tun Auta ba ta iya riƙe sirinji ba. Amma da sabuwar na'urar tantance iska ta iso, sai manaja ya damƙa wa Auta ita, wai hannunta ya fi sauri. Yaya ta yi mata murna da baki, kishi kuwa kamar ya kashe ta.

Na'urar ba ta da wani sirri. Siraran wayoyi biyu ne masu zafi a cikinta, iskar hiliyom tana bi ta kansu tana kwashe zafin. Ɗaya hiliyom zalla take sha, ɗayar kuma ta kanta samfur ke wucewa. Da wata iska ta shigo, da yake ba ta kai hiliyom saurin kwashe zafi ba, sai wayar ta ƙara ɗumi, layin da na'urar ke zanawa ya yi tudu a allo. Ka'ida ɗaya ce: a buɗe tukunyar hiliyom kafin a kunna wayoyin, in ba haka ba su ƙone. Yaya ta maimaita wa Auta wannan har bakinta ya gaji.

Ranar da za a gwada wa manaja, Auta ta sha sabuwar farar riga, sai rawar kai take. Yaya tana bayanta tana wanke kwalabe, ta waiga ta ga allurar ma'aunin tukunyar kwance a kan sifiri, ba a buɗe ta ba. Ta ga yatsan ƙanwarta ya nufi makunni. Kalma ɗaya ta isa, amma ta ci gaba da wanke kwalbar da ta riga ta fita tas.

Auta ta kunna, layin ya haukace, ya faɗi, bai sake motsi ba.

Manaja ya yi ta faɗa, yana tambayar wa ya koya mata. Auta ta ce an koya mata daidai, ita ce ta manta. Nan take ya ce a mayar da na'urar hannun Yaya idan an gyara. Daɗi ya kama Yaya, har ta ji kunyar kanta.

A bakin titi suna jiran mota, ta fara lallashin ƙanwarta, wai kowa yana kuskure. Auta ba ta ɗago ba.

"Gilashin allon yana nuna bayana, Yaya. Na ga kin kalli tukunyar, sai bayan wayar ta ƙone na gane me kika gani."

Motar ta zo, Auta ta wuce can baya ta zauna kusa da wata baƙuwa.