Geron Bayan Ƙofa

Shekara shida ni da Yaya Mati ba ma magana, tun ranar da akuyata ta shiga audugarsa ya yanka ta, har da aiko mini ƙafa ɗaya wai rabona. Gida ɗaya muke a Ƙarfi tun da aurena ya mutu na dawo. Duk abin da ya kama, sai ta bakin Baba. "Baba, gaya wa ɗanka buhunansa sun tare hanya." "Baba, gaya wa 'yarka ta bi ta katanga." Baba na kishingiɗe a kujerarsa ta zaure, sai ya maimaita mana kamar kurame. Da ya rasu gab da faɗuwar damina, ko gaisuwar mutuwa ba mu yi wa juna ba. Wa za mu aika?

Ranar sadakar uku da hantsi na shiga ɗakin Baba ɗauko tabarma, sai na ga babu buhun bayan ƙofa. Geron shuka ne. Ni na riƙe wa Baba ƙwarya makon jiya yana cuɗa shi da hodar maganin ƙwari, wadda ko kurciya ta tsinci ƙwaya ba ta tashi.

Na iske Sakinatu, matar Mati, tana wanke turmi.

"Ina geron bayan ƙofa?"

"Maigida ya ce a daka gumbar sadaka da shi," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ta fita tun ɗazu. Ko shi ma gadonki ne?"

Ban tsaya neman mayafi ba na yi zaure da gudu. Ƙofar gida cike da maza, liman yana addu'a, ƙwaryar gumba a gaban Mati, shi zai raba. Wallahi sai da na tsaya ina waige-waigen wanda zan aika, har yau ina jin kunyar wannan. Ba kowa sai kujerar Baba.

Aka shafa fatiha. Mati ya miƙa wa liman dunƙule, sannan shi Matin ya gutsuri wani ya kai baki.

"Yaya Mati! Tofar! Geron shuka ne, da magani!"

Liman ya yi cilli da dunƙulensa kamar ya ɗauki garwashi. Dattawan da ko taɓawa ba su yi ba suka shiga tofe-tofe, wasu na korar kajin da suka rugo kan sadaka. Mati ya tofar, ya kurkure baki har buta biyu, sannan ya shigo zaure idanu jawur. Ya dube ni, ya kau da kai wajen kujerar.

"Baba, gaya wa 'yarka..."

Na tsaya ina jiran saƙon. Ya durƙusa ya kama ƙafar kujerar, kukan da bai yi ba ranar jana'iza ya ƙwace masa.