Suwic Mai Tarbiyya

A shekarar 1997 Kassim Mailafiya yana da digiri biyu a fannin kwamfuta, kuma babban abin da yake yi da su shi ne hawa bas mai lamba 21 daga Lewisham zuwa Old Kent Road a birnin London. Can ne ofishin Alhaji Badaru, mai aika kaya Kano, wanda kuma kawun matarsa Zaratu ne. A ƙarƙashin matakalar ofishin akwai suwic, akwatin ƙarfen da ke haɗa kwamfutoci tara na ma'aikata. Duk lokacin da ya yi gardama sai a kira Kassim, ko da ya kai loma baki.

Burinsa ɗaya ne: ya daina hawa bas ɗin nan. Ya shafe wata guda yana lallashin Alhaji har aka sayo sabon suwic wanda ake iya yi wa magana daga nesa ta layin tarho. Ya ba shi adireshi, ya sa kalmar sirri, ya koma gida. Saura abu ɗaya, wato jerin kwamfutocin da aka yarda su ba shi umarni, don kada kowane akawu ya shiga ya yi ɓarna.

Ranar Asabar da hantsi ya zauna a falo ya haɗa layi. Zaratu ta leƙo takardar da ya tsara, ta ga tasa kwamfutar ce a sama.

"Kai ne a gaban Kawu?"

"Na'ura ce, Zaratu. Ba ta san kawu ba."

"Ni na san shi. Idan aka yi printing ya gani fa?"

Kassim ya yi nazari, ya ga ilimi bai hana ladabi ba. Ya sake jerin: Alhaji, sai manaja, sai shi a ƙarshe, kamar yadda ake zama a tabarma. Ya rubuta layin farko na jerin, wato kwamfutar Alhaji, ya danna.

Suwic ɗin ya ɗauki maganar da muhimmanci. Tun da an ce Alhaji, kuma ba a riga an ce kowa ba, nan take ya rufe ƙofa ga sauran duniya. Kassim yana cikin sauran duniya. Allon ya tsaya cik.

"Me ya faru?" in ji Zaratu.

"Na yi locking kaina a waje."

"To ka ƙwanƙwasa."

Ya ɗauki rigar ruwa ya nufi tashar bas.

Kwamfutar Alhaji ba a taɓa kunna ta ba tun da aka kawo ta. A kanta yake ajiye hula da kwanon dabino. Kassim ya gaishe shi, ya nemi izinin sauke hular, ya bayyana abin da ya faru: yanzu duk London wannan kwamfuta kaɗai suwic yake saurare.

"Tawa kaɗai?"

"Taka kaɗai, ranka ya daɗe. Minti biyu zan ƙara tawa."

Alhaji ya gyara zama. "Manaja bai isa ba?"

"Bai isa ba."

"Kai ma da ka kawo shi?"

"Ni ma, Alhaji."

Alhaji ya tashi, ya je ƙarƙashin matakala, ya daɗe yana kallon ƙananan fitilun. 'Ya'yansa uku a garin nan aka haife su, yana yi musu Hausa suna amsawa da Turanci.

"Shekara goma sha huɗu ina ƙasar nan," ya ce, "yau na ga abu mai tarbiyya. Kada ka taɓa shi."

"Amma Alhaji, amfanin duka shi ne in gyara daga gida."

"Nan ma gida ne, Kassimu. In ya yi gardama ka zo ka zauna a kujerata, ba na hana ka. Ga bas har ƙofa."

Ya mayar da hular bisa kwamfutar. Ranar Litinin Kassim ya sayi tikitin bas na shekara.