Muryar Auta a Bakin Ɗan Chaina

"Tsaya, tsaya! Mayar da shi baya," in ji Inna Kande. Ta cafke min hannu har wayar ta kusa faɗawa ƙwaryar fura.

Na mayar. Wani ɗan Chaina mai aski ƙwal ya tashi sama, ya yi juyi uku, ya dira a gaban ƙwallo. Sannan ya buɗe baki da Hausa tas: "Ni da na sha furar Innata ta Daura, wa zai tare ni?"

Inna ta yi dariya har da tari. "Ja'iri! Har can ma sai ya tona min asiri."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata. Shekara uku ke nan da idonta ya tafi, amma ko cokali na yar a tsakar gida sai ta ji. Da kunnen nan ta kama ni. Ina wanke-wanke na kunna fim ɗin, irin na Chaina da ake fassarawa, wai 'yan kungfu ne suka kafa ƙungiyar ƙwallo, shirme dai, sai na ji ta ƙwala kira: "Madina! Auta ne a gidanki?"

Autan nata shi ne Kalilu. Ya taɓa zama a Kano yana ɗora murya a finafinai, kafin ya bi masu haƙar zinare ta Agadas. Wata takwas da suka wuce aka bugo waya cewa ya rasu a hamada, can aka binne shi. Yayansa Maliki ya bi mu gida-gida yana roƙon kada a gaya mata, don likita ya ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Duk unguwa muka haɗiye maganar.

Na yi mata bayani ya fi sau goma. "Inna, murya ce kawai. Mutumin daban ne."

"Murya tana tafiya ba mai ita?"

"A'a, wato ɗauka aka yi."

"To ai shi ke nan. Sun ɗauke shi aiki."

Daga nan kullum bayan azahar ina kan tabarmarta, ina faɗa mata abin da ke faruwa. Ya doki ƙwallo ta kama da wuta. Ya tsaya da yatsa ɗaya a kan turken raga. Ita kuwa tambayarta ɗaya, ya yi ƙiba?

"Ya ɗan rame, Inna."

"Ai dole. Wa zai tuƙa masa tuwo a can?"

Wallahi har ni kaina ya fara juyawa. Wani lokacin sai in ga kamar hancin mutumin irin na Kalilu ne. Na rasa gane ko ƙarya nake yi ko jinya.

Matsalar ita ce mai tura finafinai na bakin tasha kashi na ɗaya kawai ya tura min. Daidai inda mai askin ya narka ƙwallo ta yi sama, nan yake yankewa. Da ƙafafun Inna suka kumbura, ko kunu ya daina wuce mata, sai ta ce, "'Yar nan, ina son in ji ko ya ci kafin in tafi."

Na yafa mayafi na hau mashin na karɓo kashi na biyu. Ban tsaya na saurara ba, kuma wannan gangancin ba zan daina jin zafinsa ba.

Na kunna a gefen kunnenta. Mai askin nan dai, rigar nan dai. Ya buɗe baki, sai wata ƙatuwar murya ta fito, ta wani ƙato da ban sani ba. Ashe Kalilu bai ƙarasa aikin ba ya tafi.

"Wane ne wannan?"

"Shi ne, Inna. Ina jin mura ce ta..."

"Madina."

A wayar 'yan kallo suna ta ihu, na lalubi wurin kashewa na kasa.

"Tun damina Maliki bai sake ambatonsa ba," ta ce a hankali. "Ke kuma duk sanda Auta ya yi magana a wayar nan sai kin ja hanci."

Na jira ta tambaye ni yaushe, ko a ina. Ba ta tambaya ba. Har yau ban sani ba ko a ranar ta gane, ko tun da can ita ce take lallaɓa mu.

"Mayar da ni na farko," ta ce. "Ki bar min wayar."

Washegari da hantsi ta cika. Bayan maza sun tafi da ita, ina naɗe shimfiɗarta na ga wayar a ƙarƙashin matashi. Na taɓa, ta kawo haske. Fim ɗin yana tsaye a inda ya saba yankewa, mai askin ya ɗaga kai, ƙwallon tana can sama.