Mai Kiran Layi Na Ɗaya

Ƙarfe biyu da kwata na ranar Lahadi, ƙwan fitilar layi na ɗaya a allon waya ya kawo ja. Ladi ta mayar da lomar dafa-dukan da ta kusa kaiwa baki, ta goge yatsu a gefen zani, ta soka filogi.

"Gaisuwa Telefon, Makera. Wa ake nema?"

"Ke 'yar nan, shekara shida kina tambayata wa nake nema? Oba."

Ladi ta tuntsire da dariya. Baba Shekari ke nan, mahaifin mai kamfanin. Tun zamanin da ake magana da rediyon oba-oba ya saba rufe kowace magana da "oba", an yi an yi ya bari, ya ce shi bakinsa ya riga ya ɗauka.

"Baba, an sauko coci lafiya?"

"Lafiya lau, sai dai fasto ya ja wa'azi har akuyata ta cinye wa maƙwabci rogo. Benson yana kusa? Oba."

Ta leƙa ta taga. Ga Oga Benson can a tsakar gida, waya a kunne, yana nuna wa ma'aikata inda za su kafa rumfa.

"Yana mitin, Baba."

"To, Allah ya taimaka. Bari in ba ki labarin akuyar. Oba."

Ya kuwa ba ta, tun daga igiyar da ta tsinke har zuwa zagin da matar maƙwabcin ta zazzaga. Ladi ta yi dariya har da hawaye, abincinta ya huce.

* * *

Duk wanda ya ga ginin Gaisuwa Telefon yau, da fenti da janareta da ƙarfen sabis da ake hangowa tun daga unguwar Nasarawa, ba zai yarda da yadda aka faro ba. A ƙarshen mulkin soja ne masaƙa ta sallami Benson daga aikin lantarki. Ya tsinci wasu tsofaffin rediyoyin oba-oba guda biyu, ya gyara, ya ajiye ɗaya a wani ɗan shago a unguwar Makera, ya kai ɗayan ƙauyensu can bayan Kachia, ya jona da batirin mota a ɗakin ubansa. Ladi ce ma'aikaciya ta farko. Leburori su yi layi a ƙofa, wannan ya ce a gaya wa uwarsa matarsa ta haihu, wancan ya ce kada a sayar da gero sai ya zo. Ladi ta faɗa wa Baba Shekari, shi kuma tsoho ya hau keke ya bi gida-gida yana isar da saƙo. Har dutse ya hau da kansa ya ɗaure eriya a jikin gora.

Da farar hula suka dawo aka saki lasisi, sai abu ya buɗe. Ƙauye ɗaya ya zama bakwai, bakwai ya zama talatin da biyu. Aka sayo allon haɗa layi mai filogi da ƙwayaye, Ladi ta zauna a gabansa kamar mai saƙa. Babu auren da aka ɗaura ko rasuwar da aka yi daga Kachia zuwa Zonkwa da bai bi ta kunnenta ba, amma ko mijinta bai taɓa jin kalma ɗaya ba.

Yanzu kuma ga sabon inji ya iso, mai haɗa kira da kansa, ranar Asabar za a ƙaddamar. Ladi ba ta rasa aiki ba, an ma ɗaga ta zuwa teburin sayar da katin waya, har da fanka. Abin da ya tsaya mata a rai daban ne. Daga Asabar, in Baba ya kira, kai tsaye zai faɗa wayar teburin Oga. Wa zai ɗauka? Wa zai ji labarin akuya?

* * *

Ranar Laraba ta tare shi a bakin mota.

"Oga, minti ɗaya."

"Madam Ladi! Uwar kamfani! In dai fankar ce, an sayo."

"Ba fanka ba ce. Yaushe rabonka da magana da Baba?"

Benson ya sosa ƙeya. Shi fa ba mugu ba ne, Allah ya sani. Mutum ne mai fara'a, mai kyauta, wanda kullum ƙafarsa ɗaya tana cikin mota.

"Haba, ai ko makon jiya na aika masa shinkafa da maganin ƙafa."

"Shinkafa ba ta amsa gaisuwa, Oga. Tun jana'izar Mama, shekara uku ke nan, ni ce nake ce masa kana mitin. Wallahi na gaji da yi wa tsoho ƙarya ranar Lahadi."

Sai kuma fuskarsa ta washe, ya tafa hannu.

"Kin kawo shawara! Kiran farko a sabon inji, Baba zan kira. A lasifika, gaban kowa. Inda aka faro, can za a koma. Matthew! Zo ka ji!"

Ya yi wajen injiniyan yana ta bayani da hannuwa. Ladi ta bi shi da kallo. Ba haka ta so ba, amma dai ai magana ce, za su yi ta. Ta koma ciki tana 'yar waƙa.

* * *

Asabar ta yi kyau. Matan zumunta sun zo da anko da tulunan kiɗa, suka cashe har ƙasa tana amsawa. Kansiloli sabbin hawa sun cika kujerun gaba, kowa yana ta naɗe hannun babbar riga da bai saba da ita ba. Aka yi addu'a iri biyu, aka yanka ƙyalle, Benson ya ba da tarihi tun daga batirin mota, har ya sa Ladi ta miƙe aka yi mata tafi. Ta ji daɗi, ba ta ɓoye ba.

Sannan Matthew ya jona wayar da lasifika. Benson ya danna lamba da kansa. Ƙara ɗaya, biyu, uku.

"Ladi? Yau ai ba Lahadi ba ce. Lafiya? Oba."

Rumfa ta ɗauki dariya.

"Baba, ni ne! Barka da rana!"

"Barka kadai, Malam. Wa ke magana? Oba."

"Ni ne mana, Baba. Benson."

Ana jin kukan kaza daga can.

"A'a, Malam, Benson yana mitin. Kada ka dame shi, aiki ya yi masa yawa. In dai kana kusa da shi, idan ya fito ka ce masa mangwaron da ya dasa a bayan ɗaki ya fara 'ya'ya, na hana yara taɓawa. Ba ni Ladi. Oba."

Kansiloli suka kwashe da dariya har da buga ƙafa, wani yana cewa tsohon nan akwai barkwanci. Masu kiɗa suka ɗauka. Benson ma ya yi dariyar, amma Ladi ta ga ya ajiye wayar bai dubi kowa ba. Ita kuwa kunya ta rufe ta, don ta san bakin da ya koya wa tsohon wannan magana.

Da taro ya watse ya same ta tana tattara kwalabe, idanunsa jajur.

"Gobe da sassafe zan tafi gida," ya ce. "Da kaina zan tsinko mangwaron nan."

Da yamma aka bugo daga Abuja, maganar sabon lasisi, ana son ganinsa kafin Litinin.

* * *

Ranar Lahadi Ladi ta zauna a sabon teburinta, fanka tana kaɗa mata katuna. An riga an kai tsohon allon cikin sito, an kife shi a kan buhunan siminti. Ta buɗe kwanon abincinta, ta dubi agogo, ta rufe.

Biyu da kwata daidai, waya ta fara ƙara a ofishin Oga.

Ta tashi ta murɗa ƙofar. A kulle take, makullin yana Abuja. Ta tsaya nan, tafin hannunta a jikin katako, wayar tana ta yi, ta tsinke, ta sake farawa.

"Ina jin ka, Baba," ta ce a hankali. "Yaya akuyar?"