Kyamarar da Baba Sati Ya Gane

Ƙauna tana da hotunan babanta cike da waya, amma ko ɗaya bai kwanta mata ba. Ita da ke koyar da ɗaukar hoto a Samaru, so take ta ɗauke shi da babbar kyamara, irin mai ƙafa uku da ake shiga ƙarƙashin baƙin ƙyalle, wadda ko furfura ɗaya ba ta ɓuya mata. Baba Sati kuwa kullum raguwa yake. Tsufa ya cinye masa tunani, har ita ma sai ya kira ta "yarinyar nan".

Sabuwa sai an yi oda daga waje. Mai shago ya ce nan da 'yan watanni in Allah ya yarda, irin in Allah ya yardan 'yan kasuwa. Likita kuwa bai yi mata alkawarin watanni ba. Tana cikin wannan zullumi aka yi mata kwatancen wani tsohon gidan hoto a Sabon Gari.

Mama Bolanle, matar marigayi mai gidan hoton, ta janyo akwati daga ƙarƙashin gado. Kyamarar katako ce mai sheƙi, gilashinta garau, fatarta ba ko ɓula. Ƙauna ta juya ta ciki da baya kamar mai zaɓen akuyar Kirsimeti.

"'Yata, gaskiya ɗaya ce," in ji tsohuwar. "Maigidana, Oga Oluwaseyi, bai taɓa zuwa biki da wannan ba. Ta jana'iza ce. A da in an yi rasuwa, sai a sa wa mamaci kayansa masu kyau, dangi su jeru a bayan akwatin gawar, shi kuma ya ɗauka. Ki yi haƙuri ki jira sabuwar."

Ƙauna ta yi murmushi irin na waɗanda boko ya ratsa. Katako da gilashi ina suka ga tunani? Baba kuma, mutumin da ke manta ya ci tuwo da tuwon a hannunsa, me zai tuna? Ta saye ta. Sai dai a cikin keke, tun daga Sabon Gari har Samaru, ta kasa ɗora akwatin kyamarar a cinyarta, kuma ba ta so ta tambayi kanta dalili.

Washegari da hantsi ta zaunar da Baba a benci gindin mangwaro, ta gyara masa hula. Yana ta surutu da kaji, ransa fes. Ta kafa ƙafafun, ta ɗaura kyamarar, ta warware baƙin ƙyallen.

Surutun ya tsaya.

Baba Sati ya zuba wa kyamarar ido, irin kallon da ya daɗe bai yi wa kowa ba, kallon wanda ya san abin da yake gani.

"Af, ashe an zo," ya ce a hankali. "Ba wanda ya gaya mini."

"Baba, hoto ne kawai. Ni ce, Ƙauna. Ka dube ni ka yi dariya."

Bai ji ta ba. Ya cire hular ya ajiye, ya maɓalle rigarsa har wuya. Sannan ya ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ya miƙe sambal a kan bencin, ya haɗa hannuwa a ƙirji, ya rufe ido.

Tsoro ya kama Ƙauna. Ta durƙusa ta girgiza kafaɗarsa.

"Baba, don Allah ka tashi zaune. Da ranka nake so."

"Wannan ba a zaune ake yi ba," ya ce, idonsa a rufe. "Haka aka yi wa Elizabeth. Ni ina tsaye wajen kanta, rungume da jaririyar."

Elizabeth uwar Ƙauna ce, wadda ba ta tashi ta gani ba. Jaririyar kuwa ita ce. Hoton ma ba a taɓa nuna mata ba.

Ta roƙe shi, ta yi masa waƙar cocin da yake so, ta kawo kunu. Bai motsa ba. Fuskarsa ta kwanta luf, tun da ciwon ya fara ba ta gan shi cikin natsuwa haka ba.

"Oga mai hoto," ya ce can, "ka kira 'yata ta zo ta tsaya. Kada a ɗauka ba ita."

Ƙauna ta share hawaye. Ta daidaita kyamarar, ta ja doguwar igiyar da ake dannawa a ɗauki hoto daga nesa, ta zagaya ta tsaya wajen kansa.