Dangin Shamiso a Kan Dutse

Tukunyar sadza, wato tuwon masara, naɗe da tawul. Soyayyiyar kaza. Gasasshiyar masara a jakar leda. Gorar kunu. Tabarma. Zakin tsumma mai kunne ɗaya. Tayar ko-ta-kwana wadda ba iska a cikinta. Sai mutum uku, ɗaya ba ta yi wa ɗaya magana.

Garikai ne ke tuƙi. Yayarsa Sekai na gefensa, ta rungume tukunyar a cinya kamar jinjiri. A baya 'yarsa Shamiso ce, mai shekara biyar, ta manna goshi da gilashi. Gashinta a cukurkuɗe yake, don tun da suka dawo ƙasar ba ta yarda kowa ya taɓa mata kai ba sai ubanta, shi kuwa injiniyan ruwa ne.

Motar ta faɗa rami. Murfin tukunya ya yi tsalle.

Sekai ta ce, "Ka yi karatu har kanka ya yi sanƙo, amma rami ɗaya ka kasa kauce masa."

"Yaya, hanyar ce duk rami."

"To zaɓi ƙanana mana."

Ta waiwaya ta ga ko yarinyar ta yi dariya. Ba ta yi ba.

Abin ya samo asali ne ranar da suka iso garinsu Masvingo daga ƙasar waje. Sekai ta durƙusa a ƙofar gida, ta tafa hannu, ta tarbi 'yar ƙanenta da kirarin gidansu: "Sannu da zuwa, Soko!" Shamiso ta tambayi ubanta me ake nufi. Zaman ƙasar sanyi ya koya masa gajeriyar amsa. Ya ce, "Biri." Ya manta cewa a makarantarta ta can wani yaro ya taɓa kiranta da wannan sunan, har sai da aka kira iyaye. Yarinyar ta shige ƙarƙashin tebur. Daga baya ya yi mata bayani, cewa kowane gida da dabbarsa, kuma girmamawa ce ba zagi ba. Bayanin bai shiga ba. Tun ranar ba ta ƙara ce wa Tete Sekai, wato gwaggonta, uffan ba.

Farkon wata zai tafi aikin madatsar ruwa a arewa, inda babu makaranta. Ko dai Shamiso ta zauna wurin Tete, ko ya mayar da ita wurin uwarta, wadda ke da sauran shekara guda a asibitin da take aiki can. Uwar ta ce yau take son amsa. Shi so yake yarinyar ta zauna. Amma ba zai bar ta a gidan da ba ta buɗe baki ba.

A ƙofar gandun dajin da suka zo kallon dabbobi, wani siririn mutum ya fito daga rumfa, kakinsa ya yi masa yawa. Suka gaisa. Ya leƙa cikin motar.

"'Yan wane gida ne?"

Sekai ta ce, "Soko."

"Alhamdu! Dama ku nake jira. Danginku jiya sun fasa mana kwandon shara, sun kwashe wa wani baƙo hula. Ku je ku ja musu kunne."

Sekai ta ce, "Yunwa kuke barin su da ita. Kai ɗan wane gida ne, da wannan baki naka?"

Mutumin ya buga ƙirji. "Zaki."

Shamiso ta sauke gilashi. Ta dube shi daga hula har takalmi, ta dubi tsohon kekensa da ke jingine.

"Ba ka yi kama da zaki ba."

"Azumi nake, uwar ɗakina."

"Ina zakunan suke?"

"A nan dajin? Babu. Ni kaɗai ne, ni ma da yamma nake tashi."

Sekai ta yi dariya har tukunya na rawa. Shamiso ta ɗaga gilashinta, ta ƙanƙame zakin tsumma. Garikai ya ce a ransa, an fara da asara.

Amma daji bai jira ra'ayin kowa ba. Ba su yi nisa ba wani raƙumin dawa ya tsaya a tsakiyar hanya yana tauna, yana kallonsu daga sama kamar mai gida ya tarar da baƙi a tsakar gidansa. Shamiso ta kwanta a kujera don ta hango kansa. Jakunan dawa suka juya musu baya gaba ɗaya. Wata uwar gadu ta tsallaka a guje, 'ya'yanta na biye, kowanne ya miƙar da wutsiya sama cak.

"Baba! Baba, dubi wutsiyarsu!"

Sekai ta ce, "Haka ubanki ke gudu yana yaro, in ya ji an ce wanka."

Dariya ta kusa kuɓuce wa yarinyar. Ta haɗiye ta, ta ce, "Baba, gaya mata ba da ita nake ba."

"Ta ji."

A bakin tafki suka ga kunnuwan dorina. Can nesa, ƙarƙashin wata bishiyar ƙaya, wani abu ya kwanta, Garikai ya ce dutse ne, Sekai ta ce karkanda ce. Dutsen ya miƙe ya tafi.

Da rana ta take suka shimfiɗa tabarma a wurin cin abinci, gindin wasu manyan duwatsu. Shamiso ta cusa zakinta cikin jakar masara, wai rana ta dame shi. Garikai ya tafi mota ɗauko gora. Bai kai ga rufe ƙofa ba ya ji ihu.

Wani ƙaton biri ne, mai furfura a wuya. Bai ko yi sauri ba. Ya sauko, ya ɗauki jakar kamar shi ya ajiye, ya hau dutse ya zauna. Sauran birai suka leƙo ta ko'ina.

"Zakina! Baba, zakina!"

Garikai ya sunkuya ya ɗauki dutse. Sekai ta kai wa hannunsa duka.

"Kai! Ubanka za ka jefa? Can aka koya maka haka?"

Dutsen ya faɗi. Shamiso ta daina ihu, don ba ta taɓa ganin an doki ubanta ba.

Sekai ta gyara zane, ta matsa gindin dutsen, ta durƙusa. Ta lanƙwasa tafin hannu ta soma tafi irin na mata, a hankali, buf, buf, buf.

"Soko. Mai gida a kan dutse. Mai girbin gonar da bai shuka ba. Mun gaishe ka. Masara taka ce, ci, ba mu ce komai ba. Amma ka ji kunya mana! 'Yarka ta zo daga nesa ta gaishe ka, sai ka kwashe mata kaya? Me za ta je ta faɗa?"

Birin ya ɓare masara ɗaya, ya cusa wata a hammata. Ya zura hannu ya zaro zakin. Ya shinshina shi, ya ɗan ciji kunnen da ya rage, ya yamutsa fuska. Sai ya wurgo shi ƙasa. Ya faɗi dab da gwiwar Sekai.

Garikai ya san dalili: tsumma ba ya ciwuwa. Ya buɗe baki zai faɗa. Wannan karon ya rufe.

Sekai ta kakkaɓe zakin ta miƙa. Shamiso ta tsaya. Sannan ta haɗa 'yan hannuwanta ta tafa, ba daidai ba, ta karɓa da hannu biyu.

"Tete, me kika ce masa?"

Sekai ba ta nuna ta ji wani sabon abu ba. "Na ce masa ke ɗiyarsa ce."

"Ya ji?"

"Ba ga zakinki ba?"

"Zaki bai yi masa komai ba."

"Ina zai iya? A gidanmu yake."

Suka ci sadza da kaza ba masara, Garikai na tsaye yana gadin tukunya. A kan dutse wata uwar biri ta danne ɗanta tsakanin ƙafafu tana tsefe masa gashi. Ya zille, ta jawo shi ta wutsiya, ta ɗan make shi, ta ci gaba.

Shamiso ta ce, "Kitso take masa."

Sekai ta ce, "Ƙwarai. Kin ga wani a cikinsu da kai irin naki?"

Yarinyar ta shafa kanta. "Baba ne ya yi."

"Ai na gani. Kamar an yi ambaliya."

Wannan karon dariyar ta fito duka, har kunu ya sarƙe ta.

Da za su fita, siririn mai gadi ya ɗaga musu sanda. Shamiso ta sauke gilashi tun kafin ya yi magana.

"Mun ja musu kunne. Kuma kakana ya kama zaki, ya jefar."

"Wane zaki?"

Ta ɗaga na tsumma. Mutumin ya dafe kai. "Wayyo, ɗan'uwana! Kada ki faɗa a gari."

"Zan faɗa."

A hanyar komawa sai ga Shamiso a tsakanin kujeru, tana so a maimaita mata kirarin. Sekai ta maimaita, ta ƙara da wasu da Garikai ya tabbata yanzu ta ƙirƙiro su. Motar ta faɗa ramukan ɗazu, ba wanda ya kula.

Rana ba ta faɗi ba suka iso gida. Sekai ta ɗauko mataji da kwalbar mai. Shamiso ta ja ta zuwa ɗaki, zaki a hammata. Garikai ya biyo su, wayarsa na ƙara a aljihu. Yarinyar ta tare ƙofa.

"Maza ba sa shiga."

Ta rufe.

Ya tsaya a baranda, ya ɗaga wayar. Uwar ta ce, "To?"

Ya ce, "Za ta zauna."